Duwatsun Kofur da Shirun Yaya Fuseini

Shekara bakwai ke nan, a cikin goman ƙarshe na azumi irin wannan, da muka rasa yayana Malam Fuseini na unguwar Maamobi a nan Akara, wanda rabin Zango ke kira Malam Mai Kare. Shekara shida ina barin ranar ta wuce da sadakar koko da ƙosai kawai. Bana na ɗauki biro, domin abin da ya kashe shi ya shigo gidana. Maigidana Alhaji ya fara daɗewa a banɗaki. Yakan shiga da buta ana kiran salla, ya fito ana shirin tayarwa, goshinsa jiƙe da gumi, ya ce mini ciki ne. Sau biyu na taɓa jin wannan magana a rayuwata. Na farko a kan kare aka faɗe ta, kuma ni ce na faɗa.

Masu karatu su yi mini afuwa. Maganar fitsari ba ta dace da bakin tsohuwa a jarida ba, balle a watan azumi, balle a haɗa ta da kare. A nan Akara idan mutum zai faɗi abin kunya yakan fara da "sebe", kalmar neman afuwa da muka ara wajen Asantawa. To, na ce sebe sau ɗaya, ta ishe mu har ƙarshen shafi.

Yaya Fuseini kiwon ragunan layya yake yi a bayan gidan mahaifinmu, kuma shi ne na'ibin liman a ƙaramin masallacin lungunmu. Wata shekara ɓarayi suka kwance masa raguna biyu ana saura mako guda Babbar Salla. Bai yi hayaniya ba. Ya tafi kasuwar Agbogbloshie wajen wani direban motar albasa, ya roƙe shi ya taho masa da ɗan kwikwiyo daga arewa. Da aka kawo, ya sa masa suna Kofur, muƙamin da kakanmu ya riƙe a aikin ɗan sandan Turawa. Gwaggonmu ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa saboda wannan suna.

Unguwa ta ɗauki zance. Wai mutumin da ke shiga gaban mutane a salla ya ajiye kare a gida. Yaya ya sha amsa musu cewa a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda da na gadi, sai dai ƙwaryar da ya sa baki a wanke ta sau bakwai. Malamai suka gaskata shi, amma sunan Malam Mai Kare ya riga ya zauna. Yana dariya idan an kira shi da shi, ni kuwa da muka fito ciki ɗaya na san yana masa ciwo.

Wannan wanki bakwai shi ya jawo wa Kofur abin da ya same shi, ko da yake ba mu gane ba sai daga baya. Gidanmu gidan haya ne mai iyalai da yawa, ruwa kuma a jarka muke saye idan famfo ya ɗauke, kuma yakan ɗauke. Babu matar da za ta yarda ta zubar da ruwan wanki bakwai saboda kare. Don haka kowa ya rufe bokitinsa, kowa ya tanadi tsintsiyar korarsa. Ruwan Kofur ɗan gwangwani ne guda da Yaya ke cikawa da safe, kafin azahar raguna sun ture shi ko rana ta shanye. Abincinsa kuwa ragowar dokunu, wato tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da kan busasshen kifi mai gishiri, da ƙashi. Haka ya yi shekara shida yana gadi, ba a sake taɓa rago ko ɗaya ba.

Wata ranar Litinin na je gidan, na ga Kofur ya ɗaga ƙafa jikin bango, ya sauke, ya matsa gaba kaɗan, ya sake ɗagawa. Can sai ya tsuguna yana yunƙuri, ƙafafunsa na baya suna rawa. Da ganin tsuguno na yanke hukunci. Na ce wa Yaya ciki ne, ƙashi ya ci ya toshe shi. Ni ce kuwa gwanar bentuwa a danginmu. Bentuwa wata 'yar roba ce mai kamar ƙwai da dogon baki, ana cika ta da ruwan citta da ganye a matsa wa mutum ta baya don ciki ya saki. A Zango babu gidan da ba ta rataye, kuma babu ciwon da ba a fara gwada ta a kansa. Na niƙa citta, Yaya ya riƙe karen, na yi masa. Washegari na sake, har da ƙara citta don na ga ta farko ba ta yi aiki ba.

Ran Laraba Kofur ya ƙi abinci. Ya yi amai sau biyu, ya kwanta a ƙarƙashin kwamin raguna yana lasar gabansa, yana wani ɗan kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Cikinsa ya yi tauri. Wata maƙwabciya ta ce ɓarayi ne suka jefa masa guba, wani tsoho ya ce a danna cikin da ƙarfi ko ma mene ne zai fito. Yaya kuwa ya jawo kujera ya zauna gaban karen tun daga azahar har la'asar yana kallo, sannan ya kira ni.

"Adiza, dubi ƙasa," in ji shi. "Tun jiya wurin nan bai jiƙe ba. Ba kashi ne ya ƙi fita ba."

Na duba. Gindin bangon da Kofur ya saba jiƙawa busasshe ne ƙayau, sai ɗigo uku ko huɗu masu launin jini.

Babu mai tasi da ya yarda ya ɗauki kare, trotro kuwa, motar haya ta jama'a, ba a ma maganarta. Sai keken ɗaukar kaya da muke kira aboboya muka samu. Yaya ya shimfiɗa buhu, ya hau da babbar rigarsa, ya rungume Kofur a cinya. Haka muka ratsa babban titin Nima mutane suna nuna mu da baki, muka wuce Kanda zuwa wani asibitin dabbobi. Ina zaune a gefe, hannuna yana ƙamshin citta.

Likitar wata gajeriyar mace ce 'yar ƙabilar Ga, tana jin Hausar Zango daidai gwargwado. Ta shafa cikin a hankali, ta tambayi kwana nawa, ta tambayi abin da muka ba shi. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai dube ni na ɗan lokaci, na gwammace da ta zage ni. Ta ce dutse ne ya taso daga mafitsara ya maƙale a hanyar fitsari, kuma abin ya fi samun karnuka maza domin hanyarsu doguwa ce siririya. Ta ce idan fitsari ya tsaya, dattin da ya kamata ya fita yana komawa cikin jini, ƙoda ta gaza, zuciya ta rikice, mafitsara ma tana iya fashewa. Da mun bi shawarar mai danna ciki, in ji ta, da a gida za mu binne shi.

"Malam, wannan ciwo ba shi jira," ta ce wa Yaya. "In fitsari ya tsaya, kwana ɗaya ma ya yi yawa. Kar ka ba shi komai koraa, ko kaɗan. Ɗauke shi kawai ka kawo."

Ta ƙofa na leƙa na ga sauran. Ta fara ɗaura masa ƙarin ruwa, ta yi masa allurar barci, sannan ta zura wata siririyar roba ta gabansa. Robar ta tsaya a inda dutsen yake. Ta dinga tura ruwa ta cikinta a hankali har dutsen ya koma mafitsara, hanya ta buɗe. Abin da ya fito cikin tasa ja ne mai duhu, ya daɗe yana zuba. Da aka ɗauki hoto aka ga ba dutse ɗaya ba ne. Bayan kwana biyu, da ƙarfinsa ya ɗan dawo, ta yi masa tiyata ta kwashe su. Ta zuba su cikin wata 'yar kwalba ta miƙa wa Yaya, babban cikinsu bai fi ƙwayar wake ba. Ta ce duwatsun nan suna da dalilai da yawa, wani lokaci ƙwayar cuta, wani lokaci abinci ko gado, amma karen da ba ya samun ruwa ya fi kusa da su. Ta ce kuma suna iya dawowa.

Daga ranar Yaya ya zama mai wa'azin fitsarin kare. Ya sayi babbar roba ta Kofur shi kaɗai, ya yi mata inuwa, yana cika ta sau uku a rana. Ya hana kifi mai gishiri. Masu gadi da mahauta da abokan kiwonsa suka fara zuwa da tambaya, shi kuma sai ya ɗauko kwalbar ya girgiza ta a kunnensu. Karatun nasa kullum ɗaya ne. Mai kare ya riƙa duba ƙasa. In ya ga yunƙuri babu jiƙo, ko ɗigo-ɗigo, ko jini, kada ya tsaya jiƙa ganye, kada ya danna ciki, kada ya jira gobe. Na san karnuka aƙalla uku a tsakanin Nima da Maamobi da suka tsira ta dalilinsa. Idan ina wurin yakan ƙara da cewa a kuma ɓoye citta daga ƙanwarsa, a yi dariya, ni ma in yi.

Shi ya sa har yau abin da ya biyo baya yake hana ni sukuni. Babu namiji a Zango da ya san wannan ciwo kamar Yaya Fuseini.

Bayan shekara uku, liman ya samu tafiya Umara zai yi azumi a can, ya bar wa Yaya masallaci. Shekara ashirin da ɗoriya yana na'ibi, wannan ne karo na farko da zai ja mutane wata guda cur. Ya ɗinka sababbin riguna biyu. Ni kuwa tun kafin azumin na lura yana daɗewa wajen alwala, yana fita yana komawa. Ran goma sha biyar ga wata ya zo gidana a Nima da hantsi, abin da bai saba ba. Ya yi hirar raguna, ya yi hirar tsadar dusa. Da ya miƙe zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa ya juya mini baya, ya ce in niƙa masa haɗin nan nawa, ciki ne ke damunsa.

Na dubi ƙafafunsa. Sun kumbura har igiyar takalminsa ta nutse a ciki. Na ce, "Yaya, ko dai a je asibiti?"

Ya ce, "Bari Salla ta wuce."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na san abin da nake gani, wallahi na sani. Amma yaya ƙanwa za ta tambayi yayanta, malami, mai azumi, ko fitsarinsa yana fita? Na shiga madafa na niƙa cittar, na ƙulla a leda na ba shi. Ya sa mini albarka ya tafi.

Ran ashirin da uku ga wata, a sallar magariba, ya ɗauko wata gajeriyar sura da ya haddace tun yana ɗan shekara shida, ya kai tsakiya ya rasa ta. Aka tuna masa daga baya, ya maimaita, ya sake rasawa. Alhajina, amininsa tun makarantar allo, yana sahun farko, shi ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Matarsa Memuna ta gaya mana a hanyar asibiti cewa ya kwana biyu yana amai da shaƙuwa, ya hana ta faɗa.

A asibiti aka ce furostet ne, wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar maza wanda kan girma da shekaru ya matse hanya. Aka zura masa roba. Na tsaya ina kallon jakar da ke rataye a gefen gado tana cika da ja mai duhu, launin da na taɓa gani a tasar likitar dabbobi. Hanya ta buɗe, amma likita ya ce fitsarin ya daɗe yana komawa baya, ƙodar ta riga ta lalace. Washegari Yaya ya farfaɗo na ɗan lokaci. Ya dubi jakar, ya dube ni, har ya yi ɗan murmushi.

"Kofur bai iya cewa a'a ba," in ji shi. "Shi ya sa ya tsira."

Ana saura kwana biyu Salla ya cika. Sabuwar rigarsa ta biyu ko sawa bai yi ba.

Da muke tattara kayansa, Memuna ta tsinci wata takardar asibiti a tsakiyar littafin fiƙihunsa. Ashe wata huɗu kafin azumi ya je shi kaɗai. An gaya masa abin da ke damunsa, an ce a sa masa roba na ɗan lokaci kafin a yi aiki. Ya ninke takardar ya dawo gida. Da liman ya dawo ya ji, ya yi kuka, ya ce ai mai lalura shari'a ta yi masa sauƙi, sallarsa ta yi ko da jaka a jikinsa, iyaka dai ya koma sahu wani ya ja. Amma Yaya ya san wannan babi fiye da kowa, kuma a daidai shafinsa ya ajiye takardar. Komawa sahun ne bai iya ba. Da ya ja baya, sai an tambayi dalili. Waɗanda suka yi shekaru suna cewa mai kare bai dace da gaban salla ba, da sun ce ga shi yanzu da jakar fitsari a ƙarƙashin riga. Ya auna bakin mutane da ransa, ya ga wata guda ba wani abu ba ne. Na yi fushi da shi na shekara biyu, na yi fushi da unguwa, amma fushin da bai huce ba shi ne na kaina.

Kofur ya ƙara shekara uku bayansa. Alhaji ne ya gaji cika masa robar ruwa, kamar yadda ya gaji na'ibancin masallaci. Tsufa ne ya kashe karen, kuma har ranar ƙarshe bangonsa a jiƙe yake.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da zai leƙo Zango yau. Samari suna yawo da manyan karnukan waje a titunan Kanda, abincinsu a buhu yake zuwa daga kanti, kuma shagunan maganin dabbobi sun yi yawa. Wannan zai faranta masa rai. Amma da zai sauka a tashar motoci ta Circle, zai ji lasifika uku a jere suna tallan jiƙon da wai ke narkar da furostet cikin mako, ya ga dattawa masu furfura suna saye a ɓoye suna cusawa a aljihu. A waya ma haka ne, kullum sai an turo wa Alhaji sabon haɗi. Ina jin Yaya zai girgiza kai ya ce karnuka sun ci gaba, masu su suna nan inda ya bar su. Na tambayi wata nas da muke unguwa ɗaya, ta ce ba kowane mai daɗewa a banɗaki ne ke kan hanyar Yaya ba. Da yawa ƙwaya ce kawai ake ba su, robar ma sau da yawa ta ɗan lokaci ce. Abin da ke kashewa, in ji ta, jira ne.

Bana liman ya tsufa, gwiwa ta hana shi tsayuwa, Alhaji ne ke jan salla tun ɗaya ga wata. Shekaranjiya ya tambaye ni ko akwai citta a gida. Na ce babu, alhali kuwa tana nan. Bentuwar gidan na naɗe ta a leda na jefa a shara. Jiya da hantsi na buɗe akwati na ɗauko kwalbar Kofur, wadda Memuna ta ba ni bayan arba'in, na ajiye ta a gefen butarsa. Ya fito ya gan ta. Ya ɗauka ya girgiza, duwatsun suka yi ƙara.

"Na gane, Adiza," in ji shi. "Bari Salla ta wuce."

"Haka Yaya ya ce," na ce masa. "Alhaji, fitsarinka yana fita?"

Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa yi masa irin wannan tambaya ba. Ya kawar da kai, ya ce kaɗan-kaɗan. Ya ce saura kwana shida kawai, wa zai bar wa mutane a goman ƙarshe? Na ce masa ni ba zan ƙara niƙa wa kowa citta ba, kuma ranar da na ga ƙasa ba ta jiƙe ba, ba zan tambaye shi izini ba. Ya sa kwalbar a aljihu ya fita.

Yaya bai bar gida ba, bai bar littafin da ya rubuta ba. Ragunan an sayar, wurin kiwon ya zama ɗakin haya. Yaran da ke tasowa a lungun ba su san dalilin da ya sa ake kiran wurin Gidan Mai Kare ba. Abin da ya rage nasa shi ne waɗannan duwatsu, da ɗabi'ar da ya dasa wa mutane ta duba ƙasa. Har yau akwai mai gadi a Maamobi da ke ɗaukar karensa a guje idan ya ga yunƙuri babu jiƙo, bai ma san wa ya fara koyar da hakan ba. Ni kuma ya bar mini maganarsa ta kan gadon asibiti. Na daɗe ina ɗaukar ta a matsayin barkwancin mai mutuwa, sai bana na gane umarni ne. Allah ya jiƙan Yaya Fuseini, ya yafe masa, ya yafe wa wadda ta niƙa masa citta.

Ina rubuta wannan ne a tsakar gida, takarda a kan cinya. An kira la'asar tuntuni. Alhaji ya shiga da buta tun kafin ladan ya gama, ƙofar banɗakin langa-langa ce, ana jin komai. Na riga na yi magana da mai tasin bakin lungu, yana jira. Mayafina yana kafaɗa. Idan aka zo nemansa daga masallaci bai fito ba, ni zan je ƙofar masallacin da kaina, in faɗa wa liman a gaban sahu abin da na kasa faɗa wa yayana a bakin ƙofata, unguwa ta yi zancen da za ta yi. Na ajiye biro ina saurare. Har yanzu ban ji komai ya zuba ba.